Jar Riga a Filin Ɗorawa

Kai ma ka daina zuwa. Kada ka yi musu. Lokacin da tseren babura ke tashe a Filin Ɗorawa, can bayan gari a hanyar Rijau, kana cikin masu rufe shago tun kafin la'asar, kana cikin masu ɗarewa reshe don su hango kwanar ƙarshe. Da ka ga ƙungiya ɗaya ce ke cinyewa Asabar bayan Asabar, ba ka ɗaga murya ba, ba ka tambayi dalili ba. Ka ɗaga kafaɗa ka ce abin ya gundure ka, ka koma gidan kallon ƙwallo. Ka bar filin ga awaki da mai rake guda.

To, ga abin da ya faru bayan ka juya baya.

Sunan ƙungiyar Jan Wuta. Mai ita Baba Sati ne, bakanike ɗan asalin Dukku, wanda garejinsa ya yi suna a duk faɗin Kontagora. Ba wanda ya taɓa cewa bai iya inji ba. Da kunne yake gane ciwon babur tun mai shi bai tsaya ba. Amma yana da wata ɗabi'a. Duk matashin da ya matsa wa babban ɗan tserensa Shadrach a fili, washegari sai a kai masa jar riga da sabon babur har gida. In ya karɓa, daga ranar aikinsa ɗaya ne: ya bi bayan Shadrach, ya tare masu son wucewa.

A hankali layin tashi ya rine da ja daga wannan gefe zuwa wancan. Mutum ɗaya ya rage, Obed, ɗan acaba daga Beri, mai tsohon koren babur da ya ɗaure salansarsa da waya. Sau da yawa an aika masa da rigar, yana mayar da ita da godiya.

Shi ne kuma wanda Vivian take so, 'yar Baba Sati ta fari, ma'aikaciyar jinya a wani ƙaramin asibiti, wadda ke zama da akwatin magani a bakin filin duk ranar tsere.

Ranar Lahadi bayan an tashi daga coci, Obed ya durƙusa a falon Baba Sati, hularsa a hannu. Dangi sun riga sun kawo gaisuwa, yau amsa ya zo ji. Vivian ta shigo da jug na kunun zaƙi, ta ajiye, ta koma bakin ƙofa ta tsaya kamar mai gyara labule.

"Obed, ka san golmo?" in ji Baba Sati.

"Na sani, Baba. Noman da saurayi ke yi wa mahaifin yarinya kafin a ba shi ita."

"Madalla. Ni na yi wa uban matata Alice, damina bayan damina, har tafin hannuna ya zama kamar fatar taya. Ba a ba ni ita don kyawun fuskata ba."

"Haka ne, Baba."

"To ni ba ni da gona a Kontagora. Gonata ita ce Filin Ɗorawa."

Ya janyo wata baƙar leda daga ƙarƙashin kujera, ya zaro abin da ke ciki, ya shimfiɗa a kan tebur. Jar riga ce, sabuwa fil, da sunan Obed a bayanta.

Vivian ta leƙo daga bakin ƙofa. Ashe tun kafin a zo an riga an buga sunan.

"Za ka yi mini golmo a nan," in ji tsohon. "Ka sa rigata, ka hau babur ɗina, ka bi bayan Shadrach kamar sauran. In ka cika kakar tseren bana ba ka saɓa mini ba, ni da kaina zan miƙa maka hannunta a gaban fasto."

"Baba!" Muryar Vivian ta fita kafin ta riƙe ta. "Wannan ba golmo ba ne. Mutum ɗaya ya rage maka a filin nan, shi kake so ka saye da ni."

"Da ke ake magana?"

"A kaina ake magana."

"Alice! Zo ki janye 'yarki. Ta yi karatun allura, tana so ta yi wa ubanta."

Mama Alice ta fito daga kicin tana goge hannu a zaninta, ta kama hannun Vivian. Vivian ta ƙi motsi. Idonta na kan Obed. Jira take ya yi abin da ya saba, ya ninke rigar ya mayar da godiya.

Obed ya kau da ido daga kanta. Sannan ya sa hannu biyu ya ɗauki rigar.

"Na karɓa, Baba."

* * *

Kwana biyu ba ta ɗauki wayarsa ba. A na uku ya zo ya jira ta a ƙarƙashin mangwaron da ke bakin asibiti, har ta tashi daga aiki. Ta gan shi ta wuce. Ya turo babur ɗinsa da hannu yana bin ta a gefen titi.

"Malamar asibiti, ba za a duba mara lafiya ba?"

"Je ka garejin Jan Wuta su duba ka. Can ne ake gyaran mutane su zama iri ɗaya."

"Vivian, tsaya mana. Don Allah."

Ta tsaya. Da ta juyo, idanunta sun riga sun cika.

"Ka san ranar da na fara son ka?" ta ce. "Ranar da ka faɗi a kwanar ɗorawa, gwiwarka ta fashe. Ina ɗaure maka ciwo kana leƙen bayana kana tambaya, 'Sun yi nisa? Sun yi nisa?' Ka ture ni ka hau ka bi su. Na ce a raina, ga mahaukaci ɗaya da ya rage a garin nan. Shi nake so. Yanzu wa zan aura? Inuwar Shadrach?"

"Ke za ki aura ni, ba rigar ba."

"Rigar ce za ta shigo gidana. Na ga yadda take yi wa maza. Husaini ya fi ka zafi a da. Yanzu dube shi, yana tsere yana hamma."

"Me kike so in yi? In ce wa dattijo a cikin falonsa ba zan yi masa golmo ba? A Beri in aka ji na guje wa aikin suruki, uwata ba za ta iya ɗaga kai a kasuwa ba. Za a ce ɗanta rago ne, yana son mata ba ya son gumi."

"Gumi? Wane gumi ke cikin taka birki?"

Wani keke napep ya wuce yana musu oda, ba wanda ya kula.

"Kaka ɗaya ce, Vivian. Zan daure."

"Kaka ɗaya ta ishe shi. Kai kaɗai ne dalilin da ya sa 'yan tsirarun da suka rage suke zuwa. Suna zuwa ne su ga ko yau koren nan zai yi abin mamaki. Ranar da suka ga kowa ja, me za su tsaya kallo? Jerin gwano? In kakar ta ƙare ba za ka sami filin da za ka koma ba. Za a shuka masara a wurin."

"To in bar ki ke nan? Shadrach na jiran a ba shi ke. Jiya ma a gareji yana cewa shi ba ya gaggawa."

"Yaya Shadrach ya jira har furfura. Ba wanda zai ɗaura mini shi. Amma ka sani, ba zan shiga coci ba sai Baba ya riƙe hannuna. Ba zan iya ba." Hawayen suka zubo, ta share da bayan hannu da ƙarfi kamar tana jin haushinsu. "Ya san haka. Shi ya sa ya ɗaure mu da igiya ɗaya. In ka ƙi, na rasa ka. In ka yarda, na rasa wanda nake so. Ka gaya mini, Obed, ta wace ƙofa zan fita?"

Ya miƙo hannu zai riƙe nata, ya tuna a bakin titi suke, ya mayar da hannun kan babur.

"Ki zo ranar Asabar," ya ce a hankali. "Ko ba komai in na faɗi a sami mai ɗaure ni."

"Mai bin baya ba ya faɗuwa," ta ce. Ta tsayar da keke ta shiga ba ta waiwayo ba.

* * *

A gida ta tarar da Mama Alice a tsakar gida tana ɓare gyaɗa. Ta zauna kusa da ita, ta ja tiren, tana ɓarewa da huci har ƙwayoyin na tsalle ƙasa.

"Gyaɗar ba ta yi miki laifi ba," in ji Mama.

"Mama, ki yi masa magana."

"Na yi. Ya ce in kula da miyata. Ki yi haƙuri, 'yata. Ubanki ba mugu ba ne, ba ya son a sha gabansa ne kawai. Tun yana saurayi haka yake. Kin ji shi yana ba da labarin ranar da ya fara shiga gonarmu ai."

"Na ji har na haddace."

"Yayana Andrew ne gwanin garma a gidanmu, ba mai kama shi. Ubanki ya zo, siriri kamar kara, ya wuce shi fuu, ya kai bakin gona, ya juyo yana taya shi ƙarasa layinsa. Andrew bai ci tuwo ba ranar don baƙin ciki. Babana kuwa ya yi ta dariya, ya ce yau ya ga suruki." Ta girgiza kai tana murmushi. "Mutumin da ya fara da haka, kina tsammanin zai canza da tsufa? Ki bar Obed ya sunkuya. Kaka ɗaya kamar yau ce."

Vivian ta ci gaba da ɓarewa. Haƙuri, haƙuri. Kalmar nan ce ta kwashe garin kaf daga bakin filin, kowa ya yi haƙuri ya koma gida.

* * *

Asabar ta zo da rana mai zafi. Vivian ta ajiye akwatinta a kan bencin da ta saba, ta duba hagu ta duba dama. A da mutane kan cika tun daga layin tashi har gindin ɗorawar da ke kwanar ƙarshe, masu tsire da masu zoɓo suna kutsawa da ƙyar. Yau awaki ne ke kiwo a wurin. 'Yan kallon ba su kai cikin bas ɗaya ba, rabinsu ma ma'aikatan garejin ne.

Malam Isma'ila mai rake yana zaune a kan baronsa yana fifita da hula. Shi kaɗai ne mai sana'ar da bai daina zuwa ba.

"'Yar Sati, ina koren naku?"

Ta nuna masa da haɓa. Obed na layin tashi, na biyu daga hagu, cikin jar riga. In ba don tsayinsa ba, da ba a bambanta shi da sauran.

"Innalillahi," in ji Isma'ila. "Shi ma an yi masa baftisma." Ya fara tattara rakensa. "Ni dai na san sakamako tun daga gida. Shadrach na ɗaya, sauran su bi layi kamar masu karɓar taki. Da na sani da na tsaya tasha, can ko faɗan kwandasta mutum ya kalla."

Shadrach ya turo babur ɗinsa kusa da bencin, hular kwano a gwiwar hannu. Kyakkyawa ne, ya kuma san da haka.

"Ƙanwata, kin ga sabon yarona? Jan ya karɓe shi. Na gaya masa ya bi ni a hankali kada ƙurata ta ba shi mura."

"Yaya Shadrach, wa kake cinyewa yau? Kanka?"

Murmushin ya ɗan dushe a fuskarsa. "Ba laifina ba ne in babu maza a garin."

"Akwai. Oganka ya sa musu riga ne."

Ya kife hular a kansa ya tafi.

Baba Sati ya ɗaga tuta da kansa, ya sauke. Injuna suka yi ruri, ƙura ta tashi. Zagayen farko Shadrach na gaba, Obed na biye, sauran a jere. Zagaye na biyu, haka. Na uku, haka. Vivian tana gani sarai yadda Obed ke isa kwana da gudu, ya sami hanya a buɗe ta ciki, sannan fitilar birkinsa ta kama. Kowane zagaye sai ya taka. Kowace takawa kamar a ƙirjinta.

Wani ɗan kallo ya kwanta a kan benci ya rufe fuska da hula. Wasu biyu suka sunkuya kan waya ɗaya suna kallon ƙwallo. Ba ihu, ba tafi, sai ƙarar injuna masu bin juna cikin ladabi.

Da aka ɗaga tutar zagayen ƙarshe, Vivian ta ji ba za ta iya ba. Ta rufe akwatin, ta rataya a kafaɗa, ta miƙe. Tun tana yarinya ba ta taɓa barin filin nan kafin a gama ba. Daidai lokacin da babura ke wucewa ta gabanta, ta juya musu baya ta nufi titi.

Ba ta yi nisa ba ta ji ƙarar ta canza.

Ta girma a gareji, ta san muryar injin da aka sakar wa wuya. Wani babur ya yi kuka mai tsawo, siriri, irin wanda aka daɗe ba a ji ba a Filin Ɗorawa.

"Kai! Kai! Kai!" Isma'ila ne ke ihu, ya haye kan baronsa, rake na zubewa ƙasa. "Ya shiga ta ciki! Wallahi ya shiga! 'Yar Sati, juyo!"

Ta juyo. A kwanar ɗorawa babura biyu sun kwanta gefe da gefe, gwiwar Obed na sharar ƙasa. Shadrach ya matso ya rufe, Obed bai taka birki ba. Suka fito daga kwanar kafaɗa da kafaɗa. Mai barcin nan ya tashi tsaye a kan benci. Masu waya suka yar da ita a ciyawa. 'Yan tsirarun mutanen nan suka yi ihun da ya kori awakin.

Obed ya tsallake layi da tazarar rabin taya.

Akwatin ya suɓuce daga kafaɗar Vivian. Ta sami kanta tana tsalle tana kiran sunansa, sai idonta ya faɗa kan mahaifinta. Tutar na hannunsa, bai ɗaga ba.

* * *

"Cire mini rigata," in ji Baba Sati.

Obed ya sauka, ya cire hular kwano, ya durƙusa a cikin ƙura. Numfashinsa bai dawo daidai ba.

"Baba, ka yi haƙuri. Na ga ta juya baya ne. Kowa ya tafi na daure, amma ita…"

"Na ce cire! Mako ɗaya ba ka iya riƙe alkawari ba, kai ne za ka riƙe mace? Golmo ya lalace. Ka gaya wa mutanenka su zo su kwashe gaisuwarsu."

Obed ya fara zare rigar. Vivian ta kutsa tsakaninsu, ta durƙusa ita ma, amma kanta a ɗage.

"Baba, tambaya ɗaya zan yi, sannan ka kore mu duka."

"Tashi ki ba ni wuri."

"Ranar da ka fara shiga gonar kakana, ka rage garma don Kawu Andrew ya riga ka kai bakin gona?"

Tsohon ya tsura mata ido, ta ci gaba.

"Tun ina goye nake jin labarin nan a bakinka. Ka wuce gwanin gidan, ka juyo ka taya shi. Kakana bai ce ka cire riga ba, cewa ya yi ya ga suruki. A wace gona aka taɓa cewa saurayi ya noma a hankali kada ya wuce ɗan gida? In golmo kake so, yau aka yi maka shi. Ya shiga gonarka ya nuna maka iyakar ƙarfinsa. Abin da ka nema da farko ba al'adar Dukku ba ce, Baba. Taka ce kai kaɗai."

"Allah ya ba ki lafiya," in ji Isma'ila daga baya.

"Kai kuma mai rake, wa ya sa da kai?"

"Ni ɗan kallo ne, Sati. Mu ne muka rage, sai ka lallaɓa mu."

Baba Sati ya jefar da tutar. A karon farko Vivian ta ji ciwo a muryarsa, ba fushi kaɗai ba.

"Kowa Sati, kowa Sati. Laifi ne mutum ya iya aikinsa? Lokacin da nake kwance a ƙarƙashin inji, mai na ɗiga mini a ido, ina sauran masu gareji? Suna shan shayi. Filin nan ni na share shi da hannuna. Ni nake zuba ruwa a kwanar nan don kada 'ya'yan mutane su karye. Yaran da na sa wa riga, wa ya taɓa ba su babur mai lafiya kafin ni? Yanzu a ce ni na kashe tsere?"

"Ba cinyewarka ce ta kashe shi ba, Baba. Da kana cinyewa ana fafatawa, da har yanzu ana hawa bishiya don a gan ka. Mutane sun tafi ne ranar da suka gane babu wanda aka yarda ya gwada."

"Ƙarya ne! Waya ce ta kwashe su, da ƙwallon Turawa. Mutanen garin nan ko zakuna ka saka a filin nan ba za su taso daga benci ba. Na san su."

"Ka ji ihun da aka yi yanzu?"

"Ihun mutum nawa? Awaki sun fi su yawa."

A nan Shadrach ya matso. Ya cire hularsa, fuskarsa ta yi baƙi da ƙura da baƙin ciki. Vivian ta zaci zai ƙara wa wutar mai ne.

"Oga, kada ka kore shi haka."

Kowa ya juya.

"In ya tafi yau, har in mutu za a ce ya wuce ni. Ba shiri na yi ba, na saba ba mai zuwa ta ciki. Ka bar shi ya dawo da tsohon korensa. Ka saki Husaini da sauran, kowa ya yi ta kansa. In kayar da shi a gaban mutane, ba a gaban awaki ba." Ya kalli Vivian. "Sannan ƙanwata ta gaya mini wa na cinye."

Baba Sati ya dube su ɗaya bayan ɗaya: ɗan tserensa, 'yarsa, da saurayin da ke durƙushe da jar riga a hannu. Sannan ya ɗaga kai ya dubi ɗorawar, da faɗin filin da babu kowa tsakaninsa da ita.

"To," ya ce. "Asabar mai zuwa na saki kowa. Ba umarni, ba bin baya. Ke kin ce rigata ce ta kori mutane, ni na ce su ne ba su da zuciya. Za mu gani. In jama'a suka cika daga nan har gindin ɗorawar can kamar da, na yarda ni na yi kuskure. Ko ya ci ko bai ci ba, golmonsa ya cika, zan riƙe hannunki in kai ki gaban fasto. In kuwa na hango gindin bishiyar nan babu wanda ya tare mini ita…"

Ya karɓe rigar daga hannun Obed, ya ninke ta.

"Kada wanda ya ƙara kawo mini maganar auren nan."

Ya juya ya tafi. Vivian ta bi ɗorawar da kallo. Ba ta taɓa ganin nisanta kamar yau ba.

"Vivian," in ji Obed, "wannan ba a hannuna yake ba. Da gudu ne da na yi."

"Na sani," ta ce. Ta ɗauki akwatinta ta karkaɗe. "Je ka gyara salansarka. Sauran nawa ne."

Tun daga ranar ba ta zauna ba. Ta ari lasifika, ta ɗaura a kan keke napep, in ta tashi daga aiki sai ta shiga gari. Ta bi kasuwa layi layi. Ta tsaya a tasha, ta tsaya a majalisar 'yan acaba, ta tsaya a ƙofar gidajen kallon ƙwallo tana magana har muryarta ta dushe. Isma'ila na gaya wa duk wanda ya sayi rake. Mama Alice ta raɗa wa matan zumunta a coci, ba da sanin mijinta ba.

Me ake ce mata? "Allah ya kai mu." "Za mu gani." "Ai Jan Wuta ce za ta ci, mene ne na wahala?" Wani ma ya ce ta ɗauko masa a waya ya kalla daga baya. Ta koma gida da yamma ta zauna a bakin gado da takalmi a ƙafa, ta rasa ko kuka za ta yi ko zagi.

Kai ne ka faɗi haka. Kai ne mai "za mu gani". Shekara da shekaru kana ƙorafin cewa an san mai ci tun kafin a tashi, yau ga shi ba wanda ya sani, ko Sati kansa. Tsohon ya yi rantsuwa cewa ba ka da zuciya, ya kuma ɗora auren 'yarsa a kan haka. Rufe shagon nan ranar Asabar. Kashe wayar. Ɗauko maƙwabcinka a bayan babur, ka bi hanyar Rijau, ka wuce layin tashi, kada ka tsaya sai gindin ɗorawa. Ka tsaya a nan, ka tare wa Baba Sati bishiyar.